Ɗaya Bakin Zanen Gado

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga wannan wata, da hantsi, Allah ya karɓi ran Sista Babba, shugabar ma'aikatan jinya ta ɗakin masu shanyewar ɓarin jiki a asibitinmu. Ta cika a gadon da ke kusa da taga, cikin ɗakin da ta ƙarar da rabin rayuwarta tana riƙe da shi. Ni ce ƙaramar nas ɗin da ake kira Rediyo, kuma a cikinmu babu wadda mutuwar nan ta yi wa tsirara kamata.

Sista, ba zan ce ke mai sanyin hali ba ce, don kin tsani ƙarya, kuma ba zan fara yi miki ita yanzu ba. Faɗa gare ki. Takun takalminki kawai muke ji, kowa ta miƙe ta nemi abin yi. Amma ban taɓa ganin kin saurari ƙarar mutum a bayan idonsa ba. Duk wadda ta kawo miki tsegumi, cewa kike: "Je ki kira ta, ki maimaita a gabanta." Rabin ƙararrakin a bakin ƙofar ofishinki suke mutuwa.

Wanda bai san aikinmu ba, ga yadda yake. Mai shanyewar jiki ba ya iya juya kansa. In aka bar shi a gefe guda, bayansa zai yi gyambo, naman ya ruɓe har ƙashi. Dole a riƙa juya shi lokaci-lokaci, kuma aikin mutum biyu ne. Ɗaya ta kama bakin zanen gado ta nan, ɗaya ta can, a ja tare.

Shekaru biyu da suka wuce, na shiga ɗaki na tarar da wadda muke kira Yaya, babbarmu a shekaru, ta ɗaure hannun wani tsoho da bandeji a jikin ƙarfen gado, tana marinsa saboda ya ɓata shimfiɗa bayan ta gyara. Hannun ya kumbura, 'ya'yansa suka tada magana, aka tambaye ni abin da na gani, na faɗa. Aka kori Yaya. Mijinta ya rasu, yara na gabanta, kuma babu wata a ɗakin da ba ta taɓa cin alherinta ba.

Daga ranar aka mai da ni saniyar ware. In na shiga ɗakin hutu, hira ta mutu. Aka daina amsa gaisuwata, aka raɗa mini Rediyo, wai ni mai yaɗa magana. Wannan duk zan iya haɗiyewa. Abin da ya fi ƙarfina shi ne in na tsaya a bakin gado riƙe da zane, babu mai zuwa ta kama ɗaya bakin. Kowa sai ta tsiri wani aiki. Mai Tabarau, aminiyar Yaya, ta taɓa dubana ta ce, "Tsuntsun da ya ja ruwa ai shi ruwa kan doka," ta wuce.

Ba ki tara mu kin yi wa'azi ba. Fitowa kika yi daga ofis, kika naɗe hannun riga, kika kama zanen, duk da ciwon bayan da ya sa likita ya hana ki ɗaukar ko bokiti. Muka juya mara lafiyar, kika ɗago da ƙyar kina dafa ƙugu, kika ce yadda kowa zai ji: "Fushinku da ita ne, amma bayan bawan Allahn nan ne ke biya." Kunya ta sa wasu suka riƙa zuwa in idonki na kansu. In kin juya baya, su koma gidan jiya. Sai ke ɗin dai, kullum.

Ni ma ba ki shafa mini kai ba. Da kika same ni ina cin abinci a ɗakin ajiye kaya, tsakanin tsintsiya da kwalaye, kika ce, "Tashi, 'yar nan. Ba gwaninta kika yi ba, aikinki kika yi. Ba kuma sata kika yi ba, balle ki ɓuya." Kika tasa ni gaba har ɗakin hutu, kika zauna kusa da ni kina cin naki. Na ji haushinki a ranar. Yau zan ba da komai in sake jin wannan tsawar.

Manyan asibiti sun so a kashe wutar ta hanya mai sauƙi, a ɗauke ni zuwa wani sashe. Kika ƙi. Kika ce musu in aka ɗauke ni, gobe duk wadda ta ga ana dukan mara lafiya silin za ta kalla. Wannan taurin kai ya ja miki. Da lokacin ƙarin girma ya zo, aka tsallake ki aka ba wa wadda ke bayanki, ba ki ko ɗaga maganar ba. Sai daga baya muka ji cewa Yaya ma ba ki yar da ita ba. Kin yi ta zuwa gidanta, kin yi ta fafutuka har ta sami aiki a wani shagon magani, inda ba za ta sake riƙe mara lafiya ba. Masu jin haushina suka ce kin goyi bayan maciya amana, masu jin haushin Yaya suka ce kin goyi bayan azzaluma. Kika rasa ƙawaye ta ko'ina.

Sannan ciwon ya same ki a tsakiyar aiki. Kika faɗi a bakin ƙofar ɗakin magani, ɓarin jikinki na dama ya shanye, baki ya ɗauke. Aka kwantar da ke a ɗakinki. A makonnin nan ban taɓa jiran mai kama mini zane ba, don a kanki kowa rige-rige take. Ni da Mai Tabarau mun juya ki sau da yawa, ba mu ce wa juna uffan ba, ke kuwa kina bin mu da ido, daga ni zuwa ita. Ban san abin da kike son faɗa ba. Na dai san ba ki tafi da gyambo ko ɗaya a jikinki ba.

Tsoron da na kwana da shi bayan rasuwarki shi ne wannan haɗin kan naki ne ke kaɗai, an binne shi tare da ke. Washegari na tsaya a gadon wani dattijo da babu mai zuwa duba shi, na kama bakin zanen, na jira. Biyu suka wuce kamar ba su gan ni ba. Mai Tabarau ma ta wuce, ta kai har ƙofa, ta tsaya. Ta dawo idonta jajir, ta kama ɗaya bakin.

"Ba don ke ba," in ji ta.

"Na sani."

"To, ja."

Abin da kika bari ke nan, Sista, ba zan ƙara masa gishiri ba. Har yau ba a amsa gaisuwata. Har yau ni ce Rediyo, kuma an sake tada maganar ɗauke ni, yanzu da babu mai tare ƙofa. Amma tun daga ranar, ba a bar mara lafiya ko ɗaya a gefe guda ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanta, wanda ya sha jiran ta a bakin get ba tare da ƙorafi ba, da 'ya'yanta da jikokinta, da 'yan uwana ma'aikata, masu yi mini magana da marasa yi. Allah ya ba mu haƙurin rashinta. Allah ya jiƙan ki, Sista Babba, ya yafe kurakuranki, ya haskaka kabarinki, ya saka miki da Aljanna. Bayan nan naki da kika ƙarar a kan gadajen mutane, Allah ya sa wannan kwanciyar hutawa ce gare shi. Amin.