Daga Peckham Zuwa Kaciyar Jikan Rahila

Tashi

Ina sallame sallar asuba na fito, ranar Lahadi ce, ana yayyafi. Rahila ce ta gayyace ni, Bayahudiyar da muka daɗe muna aikin jinya tare a ward ɗaya na asibiti. 'Yarta ta haihu namiji, za a yi masa kaciya. A addininsu ranar takwas ake yi, amma yaron ya zo da shawara, aka ɗaga. Ga kuma mahaifin Rahila, Baba Ishaku, yana kwance ciwo ya ci ƙarfinsa, likitoci sun ce kwanaki suka rage. Burinsa ɗaya: a yi kaciyar nan a kan cinyarsa.

Maigidana ya raka ni bakin ƙofa, ya ce, "Hajiya, da hijabin za ki shiga musu, a wannan zamani?"

Na ce, "Ranar da muka rasa Inna, ita ta kwana da ni. Zan je."

Aldwych

Bas ta bi ta Rye Lane, shagunan duk a rufe, ta sauke ni Aldwych gari bai gama wayewa ba. Na gangara tashar tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ashe an yi cancel ɗin jiragen arewa saboda gyaran layi. Hankalina ya tashi, don Rahila ta ce da sassafe za a yi, kafin tsohon ya galabaita. Na yi booking ɗin mota. Direban ɗan zangon Kumasi ne, da ya ji ina waya da Hausa, ina zancen kaciyar gidan Yahudawa, sai ya waiwayo.

"Hajiya, kaciya kuma? Su ma suna yi?"

Na ce, "Tun daga Annabi Ibrahim."

Ya ce, "To, kar ka damu, za mu kai." Ya bi ta gefen Regent's Park ya miƙe arewa.

Golders Green

A ƙofar gidan wani mutum mai 'yar hula a tsakiyar ka ya tsayar da ni, ya tambayi sunana, idonsa na kan jakata. Kafin in gama amsawa Rahila ta fito a guje ta rungume ni. Mutumin ya ba ni haƙuri, ya karɓi lemata.

An kawo gadon Baba Ishaku falo, an jingine shi da matasai. Ya rame ƙwarai. Na durƙusa na gaishe shi, na ce ya yi haƙuri da jiran da ya sha. Ya ce da ni a hankali, "'Yata, ni na ce kada a taɓa yaron sai ya warke. Sun so su gaggauta saboda ni. Wanda ya ba mu umarnin kaciya a Attaura, shi ya hana mu wasa da rai. In na mutu ban gani ba, alkawarin ba zai mutu ba. Ba da ni kaɗai aka ƙulla shi ba."

Na tambaye shi wane alkawari. Ya ce tsakanin Allah ne da Ibrahim da zuriyarsa, aka sabunta shi a Dutsen Sina'i lokacin da aka ba Annabi Musa shari'a: su kiyaye dokokinsa, shi kuma ba zai rabu da su ba. Kaciya ita ce shaidarsa a jiki.

Aka shigo da jariri a kan matashi, kowa ya miƙe tsaye. Aka fara aza shi kan wata kujera da babu kowa, Rahila ta raɗa mini ta Annabi Ilyasu ce. Sannan aka ɗora shi a cinyar tsohon. Hannuwansa suka hau rawa, wanzamin ya dakata yana duban Rahila. Baba Ishaku ya ja numfashi, ya dafe ƙafafun yaron, rawar ta tsaya. Uban yaron ya karanta addu'a da Ibrananci, wanzamin ya yi aikinsa, yaron ya tsala kuka, aka gama. Aka raɗa masa Dawud, sunan ƙanin Baba Ishaku da aka kashe yana yaro a lokacin yaƙin Turai. Tsohon ya yi ta maimaita sunan, hawaye na bin gemunsa. Ni ma ban iya riƙe nawa ba.

Aka kawo burodi mai rami a tsakiya da kifi. Na ci, na sha shayi, na yi musu sallama.

Komawa

Bas biyu na hau, na iso Peckham ana shirin la'asar. Ranar Laraba Rahila ta kira ni, ta ce Baba ya rasu da safe, a barcinsa. Ta ce tun ranar Lahadin bai sake neman komai ba, sai dai a kawo masa Dawud ya gani.

Na gode wa Allah da ya kai ni lafiya ya dawo da ni lafiya, na gode wa direban nan da ban ma tambayi sunansa ba. Allah ya raya Dawud, ya ba Rahila haƙuri.