Zogalen Abdulghani a Tsibiri

Abdulghani ya yi shekara ashirin da biyu yana dako a tashar jiragen ruwa ta Jidda kafin bayansa ya gaza. A unguwar Hindawiyya aka haife shi, a gidan da kakarsa ta sauka lokacin da ta zo aikin Hajji daga ƙasar Katsina, ba ta koma ba. Maƙwabcinmu ne. Da na dawo daga karatu na tarar an rushe layinmu, mutanensa sun watsu cikin gari. Sai da na yi wata biyu ina cigiyarsa kafin aka ce mini yana aiki a wani tsibiri, tafiyar awa huɗu cikin teku daga kudancin Jidda.

Masaukin masu yawon shaƙatawa ne aka gina a can, ɗaki goma sha huɗu na katako a kan farin yashi. Wutarsu daga hasken rana take zuwa. Ruwansu na teku ne da ake tacewa, a auna wa kowa nasa. Ba a shiga da leda, ba a shiga da dabba ko shuka ko iri, saboda tsuntsayen da ke yin ƙwai a ƙasa. Aikinsa shi ne ya ɗaure jirgi idan ya iso ranar Litinin da Alhamis, ya sauke kaya, ya share yashin da iska ke tarawa a kan hanyar katako.

Baƙi kan zo bibbiyu, su riƙa magana ƙasa-ƙasa, su ce sun zo ne su huta da mutane. Wannan magana ba ta taɓa shiga kansa ba. Matarsa ta rasu ba su haihu ba. Abokan aikinsa 'yan Filifin ne da 'yan Nepal, mutanen kirki, amma gaisuwa kawai ke haɗa su. Yakan yi mako bai yi Hausa da kowa ba.

Abin da yake da shi zogale ne. Kakarsa ce ta zo da irin ƙulle a gefen zane, mahaifiyarsa ta raine shi cikin rabin duro a saman gida, a kansa take alwala don kada ruwan ya zube a banza. Ranar da za su kwashe kaya daga Hindawiyya duron ya gagari ɗauka, sai ya karyo reshe ɗaya. Naɗe cikin dardumar sallarsa ya shigo da shi tsibiri. Ya san dokar, amma ya ce a ransa ai sanda ce kawai.

Ya kafa ta bayan ɗakunan ma'aikata, tsakanin tanki da bango, ya mai da wurin wajen alwalarsa. Cikin shekara guda zogale ya wuce tsawonsa, ya yi fure, ya yi 'ya'ya. A gidansu ba a tsinke 'ya'yan farko; barinsu ake yi su bushe a jiki, a raba wa maƙwabta iri. Haka ya bar su, ko da yake nan ba maƙwabcin da zai ba. Suka bushe, suka fashe, iska ta kwashi rabonta.

Wejdan ce ke kula da tsirrai da tsuntsayen tsibirin. 'Yar Jidda ce, ita ma jikar Hausawa, tana jin Hausa sarai amma bakinta ya fi sakewa da Larabci. Ta ga tsiro tara a bakin magudanar ruwan wanki, ta bi su ɗaya bayan ɗaya har bayan tanki. Nan ta same shi da buta a hannu. Ammi take ce masa, wato baffa da Larabci.

"Ammi Abdulghani, wannan na waye?"

"Na Allah ne, 'yata."

"Allah ne ya sako shi cikin jirgin Alhamis?"

"Na Litinin ne," in ji shi.

Ta yi dariya, ta murza ganye ta shinshina. Ta ce kakarta na kwaɗa shi da ƙuli-ƙuli, wallahi ta san shi. Amma in ya yaɗu zai rufe filin da tsuntsaye ke ƙwai, kuma dole ta rubuta abin da ta gani.

"In ka cire shi kafin Alhamis, sai in rubuta an cire, halas, shi ke nan. Da saiwarsa, ya ammi."

"Na uwata ne."

Ta ce, "Allah ya jiƙanta. Kafin Alhamis."

Da kansa ya tone shi ranar Laraba da hantsi, bai bari kowa ya taya shi ba. Ya zage ganyen ya dafa, aka ƙone itacen. Reshe ɗaya Wejdan ta yarda ya fita da shi, ita ta ɗaure masa bakin buhun.

Ƙanwarsa Madina na zaune a hawa na huɗu a gabashin gari, gidan da mai shi ke kulle ƙofar sama. Ya bi jirgin Alhamis ya kai mata reshen.

"Yaya, ni da ba ni da inda zan shanya kaya, itace ka kawo mini?"

Duk da haka ta samo bokiti, ta sa ƙasa, ta ajiye shi jikin tagar kicin. Shi kuma ya koma a jirgin Litinin.

Bayan mako bakwai na kai masa ziyara. Ya ba ni wannan labari muna zaune a kan hanyar katako, a ɗan wurin da waya ke kamawa, sannan ya kira Madina, ina jin muryarta.

"Ya yi ganye?"

"Sanda ce dai har yanzu, Yaya."

"Kin kankare ɓawon da farce kin duba? Kore ne?"

Ta ce, "Ya bushe har ƙasa. Tun wancan makon na gani, na kasa faɗa maka."

Ya mayar da wayar ɗaya kunnen.

"To. Kada ki zubar da bokitin tukuna. Ki ci gaba da ba shi ruwa, sai na zo na gani da idona."