Kitson Dije

A ƙauyenmu da ke kusa da Wad Haddad, lokacin sanyi, da an idar da sallar magariba sai mu yara mu taru a tsakar gidan Inna, kakata ta wajen uba. Takan hura wuta da karan dawa, ta ɗora gahawarta, mu kuwa mu miƙa hannuwanmu da cirar auduga ta farfasa muna jin ɗumi. Ni take kira maigida, kamar yadda kakanni ke kiran jikokinsu maza. In ce mata tsohuwa mai ran ƙarfe, ta ce mini miji marar cefane. Duk abin da na faɗa mata ba mai tsawata mini, wasan jika da kaka ne.

Yawancin abin da take ba mu tatsuniya ce ta kura da dila, amma akwai labari ɗaya da sai ta ajiye kofinta kafin ta fara.

"Wanga ba tatsuniya ba ne," takan ce. "Ni aka yi wa."

Da ƙafa suka taso daga ƙasar Sakkwato da niyyar hajji, ita da kakana da 'yarsu Dije mai shekara uku. Bayan sun wuce Fashir yarinyar ta kamu da gudawa. Inna ta zaunar da ita a cinya tana mata kitso don ta daina kuka, ta gama gefe ɗaya ke nan rai ya yi halinsa. Ayari ba ya jira. Aka rufe Dije a bakin hanya, rabin kanta a tsefe, ko dutse ba a samu an ɗora ba.

Shekarar da suka iso Jazira suka tsaya aikin auduga, zazzaɓi ya kayar da Inna. Kwana na shida aka ɗauka ta cika, mata suka lulluɓe ta, aka ɗora ruwan wanka, maza suka tafi haƙa. Ita kuwa ta ce tana can sama kusa da jinkar ɗakin tana kallon kowa, har da maƙwabciyarta da ke kuka da zane a baibai. Daga nan ta ga hanya, da haske irin na hantsi amma ba zafi. A gindin wata bishiya ga Dije zaune tana wasa da ƙasa.

"An ƙarasa mata kitson," in ji Inna, kullum a nan muryarta ke sauka. "Tsaf, har da na ƙeya. Tac ce min, Inna koma, ba a kira ki ba tukuna. Sai na yi atishawa, mata sunka watse."

Nan muke fashewa da dariya, ita ma ta taya mu.

Ina da shekara goma sha biyar na dawo hutu daga makaranta a Madani, kaina cike da ilimi har yana zuba. Wani malaminmu ya yi mana bayanin cewa idan jiki ya yi zafi sosai, ko iska ta gaza isa ƙwaƙwalwa, mutum yakan ga haske, ya ga waɗanda yake kewa. Da Inna ta kai wurin kitson sai na katse ta a gaban yara.

"Tsohuwa, ba inda kika je. Zazzaɓi ne ya dafa miki kai. Abin da kike so ki gani shi kika gani."

Ta yi dariya, ta ce maigida ya koma hakim, wato likita, tun bai fitar da gemu ba. Na ji daɗin kaina ƙwarai. Daga ranar ba ta sake ba da labarin ba. In yara sun roƙa sai ta ce ta manta, ta jawo musu na kura. Na ɗauka fushi ne irin na tsofaffi, zai wuce.

Na girma na zama ma'aikacin jinya a wani ƙaramin asibiti wajen Manakil. Na ga mutane da dama da suka leƙa lahira suka dawo. Wasu sun ce sun ga haske, wasu iyayensu, wasu ba su ga komai ba sai duhu. Likitan da nake aiki a ƙarƙashinsa yakan ce aikin ƙwaƙwalwa ne, limamin unguwar ya ce ruhi ne ya ɗan fita. Na sha zama tsakaninsu ana shan shayi, kowa na da hujja, ba wanda ya taɓa kayar da wani.

Da ciwon ajali ya kama Inna aka aiko mini. Na same ta kwance a gadon igiya, ta rame sosai, amma bakin yana nan. Ta sallami matan da ke ɗakin, ta kama hannuna.

"Maigida, yanzu ka zama hakim na gaske. Zazzaɓin ne?"

Na ce, "Inna, na san abin da zazzaɓi ke yi wa mutum. Abin da kika gani kuwa, wallahi ban sani ba. A lokacin ma ban sani ba, baki ne kawai."



"Ai ni na yarda da kai," ta ce. "Kai ka yi karatu. Tun ran nan, duk sa'ad da na tuna ta, da rabin kai a tsefe nike ganinta."

Shekara goma sha biyu ke nan tun ranar da na katse ta. Na ba ta haƙuri, ta ce ba komai, yaro ne ni. Ban san ko maganata ta biyu ta gyara abin da ta farko ta ɓata ba, don kwana uku bayan nan ta rasu ba mu sake tayar da zancen ba.

Har yau ban tsayar wa kaina ko likita ne ke da gaskiya ko liman ba, wataƙila ma kowannensu ya riƙe wani gefe. Abin da na tabbatar shi ne Inna ba muhawara ta zo yi da mu a bakin wutar nan ba. Uwa ce da ta bar 'yarta a bakin hanya, ta samu abin da ya sa take iya barci, ni kuma na karɓe shi da wasa. Yanzu idan majiyyaci ya farfaɗo ya fara gaya mini inda ya je, nakan duba zafin jikinsa in rubuta, sannan in jawo kujera in zauna har ya kai ƙarshe.