Ramuka Tara a Bangon Loveday

Loveday Trudgeon ba ta taɓa mallakar ko bulo ɗaya a duniya ba, amma duk Layin Coci babu mai tattalin bango kamarta. Shekara ashirin da tara tana haya a gida mai lamba huɗu. Duk shekara da zarar sanyi ya ja baya, za ka gan ta kan tsani da bokitin siminti tana bin tsaga tana cikewa, sannan ta bi da farin fenti. Maigidan hayar, tsoho Hosken, bai taɓa sa ta ba, bai kuma taɓa biyanta ba. Shi dai ya zo ya karɓi kuɗinsa, ya sha shayi, ya yaba fentin, ya kama gabansa.

A garin aka haife ta, 'yar mai haƙar kuza, ta kuma auri mai haƙar kuza. Denzil mijinta ya yi shekara goma sha takwas a ƙarƙashin ƙasa kafin a rufe ramin. Ya fito da takardar sallama da tari, tarin nan kuwa bai rabu da shi ba sai da ya kai shi kushewa. Allah bai ba su haihuwa ba. Ita kuma tun tana budurwa take aikin fere kifi a bakin tashar jirgin ruwa, hannu cikin ƙanƙara tun asuba, har yatsunta suka kanannaɗe ba sa miƙewa sosai. Ba ta da surutu, ba ta cin bashi, ba ta shiga sabgar kowa. Idan aka ce mata ta huta sai ta ce hutu na masu gado ne.

To, gidajen Layin Coci guda takwas ne a jere, bango ɗaya ke raba kowane gida da maƙwabcinsa, kuma magini ɗaya ya gina su bayan yaƙin duniya na farko. Yashi na kuɗi ne, tarkacen dutsen da ake zubarwa a bakin ramin kuza kuwa kyauta, saboda haka da shi ya buga bulonsa. Wannan tarkace, mandik muke ce masa mu mutanen garin, idan laima ta shige shi sai ya riƙa cin siminti daga ciki, a hankali, shekara da shekaru. Babu wanda bai san haka ba a layin, har kakanninsu ne suka tura baron tarkacen. Amma sani daban, takarda daban. Gida ya tashi daga hannun uba zuwa na ɗa, ko a sayar wa mai kuɗi a hannu wanda ba ya yawan tambaya. Ba a taɓa zama an yi doka ba, amma kowa ya san ba a huda bango a Layin Coci.

Sai tsoho Hosken ya rasu. Magadansa biyu, 'ya'yan ƙanwarsa da ke Landan, waɗanda ko hanyar garin ba su sani ba, suka aiko da wasiƙa ta hannun lauya. Za su sayar da gidan. Saboda daɗewarta sun ba ta wata uku ta fara saye, fam dubu ɗari da goma, kuma a gaskiya sun yi mata ragi. Loveday tana da dubu goma sha huɗu da ta tara tun rasuwar Denzil, ta san sun isa kafin alƙalami. Ta goge rigar da take zuwa coci da ita, ta hau bas ta tafi banki.

Yarinyar da ke teburin ba da bashin gida tana da fara'a. Ta duba takardun albashi ta ce madalla. Ta ga shekara ashirin da tara babu watan da haya ta makara, ta ce da kowa haka yake da sun huta. Sannan ta tambayi shekarar da aka gina gidan da unguwar da yake, sai fara'ar ta ragu.

"Madam Trudgeon, ai sai kin kawo takardar gwajin bango."

"Bangon yana nan tsaye, 'yata. Ki zo ki gani, ko ɗigon ruwa ba ya shiga."

"Na yarda da ke. Amma ba ni ke ba da kuɗin ba. In babu takarda ko fam ɗaya ba za su saki ba."

Ta je banki na biyu, ta je na uku, ta je wurin dillalin da ke nemo wa mutane bashi, kai ka ce baki suka haɗa. Wata guda ya tafi a yawon bas.

Tamsin Uren ce a lamba biyar, bangonsu ɗaya da Loveday. Tare suka yi amarci a layin. Ita ta riƙe Loveday ranar da aka binne Denzil, Loveday kuma ita ke taya ta ɗaga Wilf mijinta tun da shanyewar ɓarin jiki ta kama shi. Gidan Tamsin nasu ne na gado, kuma ta riga ta sami mai saye, wani ɗan fansho daga arewa da kuɗinsa a hannu. So take su koma gidan ƙasa marar bene, don Wilf ya shekara biyu yana kwana a falo bai taka matakala ba. Da Loveday ta gaya mata zancen gwaji, sai ta ajiye kofin shayinta.

"Ke Loveday, kanki ɗaya kuwa? Huda za ki sa a yi?"

"To ya zan yi? In ban kawo takarda ba sun sayar wa wani."

"Ki bar kaza cikin gashinta. Bangon nan da kike jingine da shi rabinsa nawa ne. Abin da aka gani a naki, an gani a nawa."

"Wa ya sani, ƙila ya fito lafiya. Ba ki ga yadda nake kula da shi ba?"

"Fenti kike kula da shi, 'yar uwa, ba bango ba! Don Allah ki jira mutumin nan ya biya ni, wata huɗu kacal, sannan ki huda har rufi in kin ga dama."

"Wata biyu suka rage min, Tamsin."

Wilf yana kallonsu daga kujerarsa. Loveday ta wanke kofinta ta fita. Ta san abin da take shirin yi wa ƙawarta, kuma ya dame ta ƙwarai. Amma ta ce a ranta takarda ai tata ce, ita da banki, babu mai gani. Shekararta hamsin da ɗaya, kuma ba ta taɓa kwana a wani gari ba.

Mai gwajin, Curnow, abokin karatun Denzil ne. Ya zo da injin huda a bayan mota, ya tsaya ya ƙare wa layin kallo, ya ƙi sauke kaya.

"Matar abokina, kin tabbata? In na huda, abin da ya fito shi zan rubuta. Ba na iya mayar da shi ciki."

"Yi aikinka, Curnow. Na biya."

Ramuka tara ya yi, gaba da baya da ƙasan taga, kowanne kamar bakin kofi. Ƙarar injin ta fito da mutanen layin ƙofar gida. Daga kowane rami yakan zaro ɗan guntun bango mai kama da taɓarya ya sa a leda. Na farko da na biyu sun fito da ƙwarinsu, har Loveday ta fara sakin numfashi. Na huɗu, daga bangon da ke kallon teku, ya fito ja-ja, yana ajiye shi a tafin hannu ya marmashe kamar busasshen tuwo. Curnow bai dube ta ba. Ya zuba garin a leda, ya ɗaure, ya rubuta lamba.

Bayan mako uku takarda ta zo. Aji na ƙarshe aka ba gidan, wanda babu bankin da ke ko kallonsa.

A nan Loveday ta yi kuskuren da har yau nake jin haushinsa, kuskuren mai gaskiya da ke zaton kowa irinsa ne. Ta ɗauki takardar ta aika wa magadan, da wasiƙa da hannunta. Ta ce ga halin da gidan ke ciki, ba zai sayu ba, su bar ta ta ci gaba da haya, ko su rage kuɗin ta riƙa biyansu wata-wata. Ta ɗauka za su yi irin ta tsoho Hosken. Ina! Mutanen da ke jiran a raba gado? Lauyansu ya ce tunda sun sani ba su da ikon ɓoyewa, kuma gida irin wannan gwanjo ake kai shi. Aka buga hoton gidan da farin fentinsa, aka liƙa takardar gwajin a ƙasa, duk mai so ya karanta. Cikin kwana goma ɗan fanshon nan ya bugo wa Tamsin waya ya ce ya fasa.

Tun daga ranar gaisuwa ta ɗauke a layin. Babu wanda ya zage ta, da ma zagin aka yi da ya fi sauƙi. A coci sai bencin da take zama ya zama nata ita kaɗai. Da safe takan ji Tamsin ta bayan bango tana nishi tana ɗaga Wilf ita kaɗai, sai Loveday ta sa takalmi za ta je ta taya ta, ta tsaya a bakin ƙofa, ta cire.

Ta je gwanjon, ta zauna a baya. Mai gwanjon ya karanta takardar da ta biya da kuɗin fere kifi, aka fara tayi daga dubu talatin. Ko hannu ba ta ɗaga ba, da me za ta ɗaga? Aka sallama a dubu arba'in da ɗaya ga wani da ke kan waya, wanda bai taɓa ganin gidan ba. Kuɗin da ta san da za a ranta mata, shekara bakwai ta biya ta gama. Ta fito ta zauna a tashar bas ta yi kukan da ba ta yi ba tun rasuwar Denzil.

Notis na wata biyu aka ba ta ta tashi daga gidan. Wurin da ta samu ɗakin tirela ne, irin mai tayoyin nan da ake ja da mota, a bayan wata gona, tafiyar minti arba'in a bas, kuma mai gonar ya ce ba ya son dabba. Loveday tana da wata tsohuwar kyanwa mai ido ɗaya. Ranar tashi, bayan an loda gado da akwatuna, ta sa kyanwar a kwando ta je ta ƙwanƙwasa lamba biyar. Ta daɗe a tsaye kafin a buɗe. Tamsin ta rame, gashinta ya yi fari fat.

"Sun ce ba a zuwa da dabba," in ji Loveday. "Ba ta cin abu mai ƙashi, haƙoranta sun zube."

Tamsin ta dubi kwandon, ta dubi motar kaya.

"Tamsin, ki yafe min. Ban san za su buga takardar ba."

"Na gaya miki ai."

"Kin gaya min."

Daga falo Wilf ya ɗaga murya da harshensa mai nauyi yana tambaya ko Loveday ce, a ce ta shigo ta sha shayi. Tamsin ba ta waiwaya ba. Ta miƙa hannu ta karɓi kwandon.

"Kyanwa ba ta yi min komai ba," ta ce, ta rufe ƙofa.