Ramar da Yaya Sale ya sauko da ita daga Mambila

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Salihu, wanda kowa a Challawa ya sani da Sale. An ce haƙuri maganin zaman duniya, na kuma yi iya yina, amma har yau in na tuna yadda ya tafi sai raina ya ɓaci.

Yaya Sale ma'aikaci ne a wani kamfanin jima, ƙato mai jiki, in ya zauna a benci sai an matsa masa. Kamfanin ya tura shi Mambila sayen fatun shanu, ya yi kusan shekara biyu a can saman dutse. Yakan kira ni a waya yana dariya: "Ke dai bari, Hadiza, nan abinci ba ya shiga. Loma kaɗan na ƙoshi, ga sanyi, ga hawa da sauka kamar akuya." Da ya dawo sai da aka rage masa wandunansa. Amma lafiyarsa ƙalau, har ya fi da kuzari, yana hawa bene da kaya ba ya haki.

Mutanenmu ba su ga kuzarin ba, ramar suka gani. A kamfanin, ma'aikata kan haɗu su ci abinci a kwano ɗaya lokacin hutu. Ranar da ya koma aiki ya sa hannu, sai sauran suka janye nasu ɗaya bayan ɗaya. Mai shayin bakin ƙofa ya ware masa kofi. Aka fara raɗa cewa ciwon zamani ya kwaso a can. Ba a jima ba shugaban sashensu ya kira shi ya ce, "Malam Sale, ku je gida ku huta tukuna, in jiki ya dawo sai ku dawo." Ko tambayarsa bai yi ba me ya same shi. Zato zunubi ne, kowannensu ya sani, amma suka yi.

Ya je asibiti, aka gwada jininsa, babu komai. Likita ya ce masa wannan ba sabon abu ba ne. Mai zama a wuri mai tsayi sosai yakan rasa sha'awar abinci, jiki kuma yana ƙona abin da aka ci wajen numfashi da yaƙi da sanyi. Ya ce ya bar jikinsa, zai mayar da kansa a hankali. To, wa zai ciyar da 'ya'yansa kafin a hankalin nan? Matarsa Rabi ta daina zuwa gidan biki saboda nunin da ake mata da baki. Ya yi wa abokan aikinsa bayani, ba wanda ya saurara, domin magana zarar bunu ce.

Sai ya shiga wani kemis a Kumbotso ya sayi ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe. Fuska ta cika, ciki ya fito. Mutanen da suka guje shi suka koma cewa, "Masha Allah, Sale ya murmure!" Aka mayar da shi aiki. Kumburi ne suka kira lafiya, shi kuma tsoron kada ya sake ramewa ya hana shi dainawa, har ƙodarsa ta lalace. Na san ajali ne, amma kowane ajali da sanadinsa.

Yanzu in na bi ta Sharada ko Bompai da sassafe, sai in ga manyan ma'aikatan kamfanoni sanye da kayan motsa jiki suna sassarfa, suna gumi, tumbi na rawa, wai suna neman rama. Wasu har shayin rage ƙiba suke saye. Da Yaya yana nan, na san dariya zai yi har da hawaye, ya ce su hau Mambila, dutse zai yi musu aikin ba ko sisi. Ni dariyar ba ta zo mini. Abin da aka kore shi a kansa shi ne yau ya zama ado ga masu hali. Talaka kuwa in ya dawo daga tafiya a rame, har gobe kallonsa ake ana raɗa.

Kwanan nan ɗansa Nura ya sami aiki a Bompai. Wani dattijo ya tambaye shi, "Kai ne ɗan Sale mai ciwon nan?" Nura ya dawo gida ya kasa cin abinci. Abin da aka bar wa 'ya'yan mutumin kirki ke nan, bayan ya ba da ƙodarsa don ya wanke sunansa.

Malamai sun ce in yafe, ina ƙoƙari. Amma ku da kuka ci kwano ɗaya da shi, yawancinku kuna raye, kun kuma san ni. In za ku ambaci yayana, ku yi masa addu'a, sannan ku faɗi gaskiya: da lafiyarsa ya sauko daga dutsen nan, a hannunku ya kwanta ciwo.