Kafaɗar Baba a Bugu na Biyu

Ƙanena, autanmu, bai taɓa kai wata sana'a ƙarshe ba. Ya koyi ɗinki ya bari, ya koyi gyaran rediyo ya bari, yanzu ga furfura a gemu yana rubuta wa masu shaguna allon talla. Ni kuwa tun ina budurwa sana'ata ɗaya ce: in sassaƙa hoto a jikin roba, in shafa tawada, in ɗora takarda, in matse a inji. Bugun farko shi ne aiki. In aka sake ɗora takarda ba a ƙara tawada ba, hoton yakan fito dishi-dishi, kamar atamfar da ta sha wanki. Wannan bugu na biyu don goge robar kawai nake yin sa, in jefa a kwando.

Kwandon nan shi ne kasuwar Auta. Zai shigo shagona da gawayi a aljihu, ya tsuguna yana tono.

"Yaya, wannan kin gama da shi?"

"Shara ce. Kwashe."

Sai ya zauna bakin ƙofa ya ja layi nan, ya murza da yatsa can, masu wucewa su tsaya suna cewa kai, wannan hannu! Nawa kuma da ke rataye a ciki, tsaf-tsaf, ko kallo bai ishe su ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Haushi nake ji, ba na ɓoyewa.

Bayan rasuwar Baba, Inna ta ce tana son hotonsa a saman gadonta. Ƙusa ɗaya ce a bangon, na kuwa ƙudurta aikina ne zai hau ta. Ni ce babba, ni na riƙe gidan, amma kullum Auta ne shalele. Na ɗauko tsohon hoton Baba na zauna a kansa har idona ya yi ja. Kowane gashin gira sai da na fitar. Na buga, ya fito ras. Na biyun na jefa kwando kamar kullum, hannu ya riga ya saba.

Ranar da na kai wa Inna nawa cikin gilashi, sai ga Auta da takarda a naɗe. Sharata ce. Fuskar Baba da ƙyar ake ganinta, sai dai ya bi da gawayi ya sauke kafaɗar dama ƙasa. Baba kafinta ne, ɗaukar katako ya karkatar da shi tun muna yara. A gaban mai hoto ne kaɗai ya miƙe tsaf, ni kuma miƙaƙƙen na sassaƙa.

Inna ta duba nawa ta ce, "Allah ya yi miki albarka, sak hoton." Ta karɓi na Auta, ta kai shi kusa da ido. Can ta ɗora yatsa a kafaɗar.

"Nan ke masa ciwo," in ji ta. "Nan nake danna masa."

Auta ya miƙo mini fensir. "Yaya, sa hannu mana, ai bugunki ne." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. An ce hassada ga mai rabo taki ce. To, ni ce ma na tara masa takin a kwando.

Yanzu duk ranar da na je gaishe da Inna, ƙarƙashin hoton nake zama. Kafaɗar ta dusashe saboda shafa, yatsanta kullum da baƙin gawayi. Nawa yana shago cikin gilashinsa. Babu wanda ya taɓa taɓa shi.