Shanun Baba a jikin gilashi

Babanmu, Allah Ya jiƙansa, mutum ne mai son a ga abinsa. Ba zagi nake ba, ni ma halin na gado. Da sa ɗaya na huɗa ya fara, har Allah Ya ba shi garken da in ya gangara bakin tafkin Madarumfa shan ruwa, masunta kan dakata su kalla. Wata ranar kasuwa ya gamu da wani mutumin Maradi mai zane a jikin gilashi, irin wanda ke yi wa mata furanni da tsuntsaye a ƙofar ma'ajiyar kwanoninsu. Baba ya ce shi ba ruwansa da fure, tafki yake so da shanunsa a bakinsa. Mutumin ya biyo shi har ƙauyenmu, kan hanyar Gabi, ya wuni a gindin gawo yana kallo.

Da aka kawo hoton, ni da nake ganin na yi lakwal, wato boko, na waye, sai da na riƙe baki. Ga tafkin nan shimfiɗe, ga garakan tumatir da albasa, ga wani masunci can nesa a kwalekwale. Bayan ruwan mai zanen ya liƙa takarda mai walƙiya, don haka in hasken hantsi ya shigo zaure sai ka rantse ruwan motsi yake. A gaba kuma ga shanu, kowace da kamanninta. Har jan san nan mai karyayyen ƙaho, wanda Baba ke ba dusa da hannunsa, yana tsaye ya ɗaga kai. Ina son hoton nan ƙwarai. Nakan bar shara in tsaya gabansa har Inna ta ƙwala mini kira.

A zaure Baba ya rataye shi, inda duk baƙo zai gani. Wanda bai kula ba ma sai ya nuna masa.

Daga baya labarai suka fara zuwa daga wajen daji, can gefen iyaka. An kore garken wane, an tafi da wane sai an biya fansa. Abin da ya fi tsoratar da mutane shi ne, masu zuwa kan moto, wato babur, ba sa ɓatan hanya, kai tsaye suke zuwa gidan da suke so. Aka ce akwai masu kai musu labari, kuma a cikinmu suke. Mutane suka daina faɗin abin da suka mallaka. Ka tambayi mutum ya dabbobi, ya ce wace dabba gare shi. Baba, mai jawo baƙo gaban hoto, ya koma kallon idon duk wanda ya ɗaga kai ya dubi bango.

Inna ta ce, "Malam, ka sauke abin nan ka tura ƙarƙashin gado. Kana tallan kanka da kanka."

Ya ce, "Tafkin nawa zan tura ƙarƙashin gado? A dai cire shanun, a bar mini ruwana."

Ni na rungume hoton a mota, naɗe cikin zanen Inna, har Maradi. Mai zanen ya juya gilashin ya nuna mana bayansa, fenti ne kawai dame-dame, ba kyan gani. Ya ce, "Baba, aikinmu daga baya ake yinsa. Abin da ke gaba shi ake fara zanawa, sannan a bi shi da ciyawa, da ruwa, da sama. Shanunka su ne a can ƙasa, manne da gilashi. Ba a shafe su, sai dai in kankare duk abin da ke bayansu in iso gare su."

Baba ya ce a kankare. Ina tsaye yana bin su da reza ɗaya bayan ɗaya, ƙarar tana shiga mini har haƙori. Baba ya fita waje wai zai sha iska. Mutumin ya cike guraben da koren fenti, amma sabon kore bai zo daidai da tsohon ba. Muka dawo da hoton tafki da ciyawa, a cikin ciyawar kuma ga inuwar shanu, tozo da ƙafafu, duk kore. Na ce, "Baba, wannan ai ya fi da jan ido." Ya harare ni, ya mayar da shi kan ƙusarsa.

Bayan girbin gero, wata rana da azahar, wani baƙo ya tsaya da moto a ƙofar gida ya nemi ruwan sha. Ba yaro ba ne, ba tsoho ba, rigarsa fes, gaisuwarsa cike da ladabi. Ni na kawo ruwan, na tsaya daga bakin ƙofa ina jiran kwano. Ya sha, ya yi godiya, ya tashi ya tsaya gaban hoton ya goya hannu a baya.

Ya ce, "Masha Allah, wanda ya yi wannan ya iya. Dubi ruwa kamar ka sa hannu."

Baba ya ce, "Tafki ne kawai da ciyawa."

Baƙon ya yi murmushi, ya sa yatsa yana bin gefen inuwa ɗaya a hankali. Ya ce, "Jan nan mai karyayyen ƙaho, na ga yana ɗingishi kwanan nan. A duba masa kofato, Baba."

Ya miƙo mini kwano ya yi sallama. Muna jin motonsa har ƙarar ta ɓace ta wajen daji. Na dubi hoton, babu ja ko ɗigo a cikinsa. Ɗingishin kuwa bai fi 'yan kwanaki da farawa ba, ko maƙwabta ba duka suka sani ba. Tsoro ya kama ni. Wataƙila dillali ne, wataƙila mutumin kirki ne mai ido a kan dabba. Har yau ban sani ba, Baba kuma bai tsaya ya sani ba.

Kasuwa na zagayowa ya kora shanun duka ya sayar, bai bar ko maraƙi ba. Jan san shi ya ja da kansa, a ƙafa, a hankali saboda kofaton. Da la'asar ya dawo da igiya naɗe a hannu. Inna ta kai masa fura, bai taɓa ba. Ya zauna a zaure yana fuskantar bango, hasken yamma na kan ruwan gilashin.

Na ce, "Baba, in sauke shi?"

Ya ce, "Bar shi, ɗiyata. Yanzu kowa ya zo ya kalla, babu ƙarya a cikinsa."